Shekarar da Na Kai Baba Tarabulus

Ranar sunan ɗan Fadila a Ƙauyen Alu, ina zaune bayan labule da jaririn a cinyata, na ji wata daga cikin danginmu tana gaya wa wata baƙuwa cewa, "Ai ita ce ta ɗauki tsohonsu yana fama da ciwo ta kai shi ƙasar Larabawa, ta baro shi can." Ba ta san ina ji ba, ni kuma ban ɗaga labulen ba. Amma na ga Fadila ta ji, na ga yadda ta sunkuyar da kai kamar ita aka zaga. Tun daga ranar na ƙudura zan zauna in rubuta muku wannan, ku 'ya'yana, ke Ummi, kai Sadik, da ke Fadila, tun idona yana ganin layi. Lokacin da abin ya faru kuna ƙanana, abin da kuka tsinta a bakin mutane guntu-guntu ne. Waɗanda suka san sauran kuwa duk ƙasa ta rufe musu ido, saura ni.

Kun san ana ce mana jinin Larabawa, amma ba ku san Sidi ba, ni ma da ƙyar nake tuna fuskarsa. Sidi shi ne mahaifin Baba. A birnin Tarabulus aka haife shi, a bakin teku, ya biyo kawunsa cikin ayarin raƙuma yana saurayi, suka keto Sahara ta Agadas da Damagaram har Kano. Niyyarsa ya yi shekara biyu ya koyi cinikin fata ya koma. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano, ayari ya mutu, can gida kuma yaƙi ya tashi. Ya auri kakarmu a Alfindiki, 'ya'ya suka zo, shekara biyu ta zama rayuwa. Ya baro ƙanwa guda ɗaya a gida, Zuhra, wadda bai sake gani ba. Sunanta aka sa mini, a bakinmu ya koma Zahra'u, shi ya sa Baba bai taɓa kirana da shi ba, sai dai Gwaggo.

Abin da Sidi ya bar wa Baba na garinsu bai wuce abu uku ba. Akwai Larabcin da suke yi su biyu, akwai shayi mai kumfa da ake watsa wa soyayyiyar gyaɗa a kofi na uku, sai kuma kwatancen hanyar gidansu. Ko bayan mun tashi daga cikin gari mun koma unguwar Babban Giji a Tarauni, duk Juma'a in an sauko daga masallaci Baba zai baje tabarma a tsakar gida ya ɗora butar shayi a kan gawayi. Inna tana daga bakin ɗakinta tana cewa, "Wa ya taɓa ganin gyaɗa a shayi in ba ku ba?" Shi kuwa ko a jikinsa. In ya kai kofi na uku sai ya lumshe ido ya fara, kamar mai tilawa:

"Ka shiga ta ƙofar teku, ka ba ruwa baya. Za ka ga wata tsohuwar ƙofar farin dutse tsaye ita kaɗai, ba gida a bayanta. Ka wuce ta, ka wuce masallaci. Ka bi lungu har inda ginshiƙai huɗu suka haɗu. Ka karya hagu. Ƙofa ta uku, koriya."

Ni da Yaya Bashir, wana, mu biyu kaɗai Inna ta raya, mun haddace wannan tun kafin mu haddace ƙulhuwallahu. Mukan riga Baba faɗin "koriya" don mu ba shi haushi, ya buɗe ido ɗaya ya harare mu.

Shekarar da nake ba ku labarinta, ina aikin nas a asibitin koyarwa, a ɗakin masu ciwon zuciya. Saboda haka da ƙafafun Baba suka fara kumbura, ya zama ba ya iya tafiya daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta, ban buƙaci kowa ya fassara mini ba. Na ɗauko shi na dawo da shi gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi don ya fi kusa da asibiti. Kai Sadik, ɗakinka aka ba shi, ka yi ta kumbure-kumbure har sai da ya fara ba ka labarin raƙuma. Wata la'asar yana zaune ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, na ɗaura masa abin awo a dantse ina matsawa, sai ya ce:

"Gwaggo, nawa ya rage?"

Na ce, "Baba, awon jini nake yi, ba awon kwana ba."

"Na sani. Allah ne masani. Amma ke ma ai ba a banza kika yi karatun ba."

Na shiga naɗe abin awon. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Makka na je sau biyu, alhamdu lillahi. Legas na je har na gaji. Gidan ubana ban taɓa gani ba. Kullum cewa nake in na aurar da wance, in kasuwa ta gyaru. Ubana ma haka ya yi ta cewa har aka kai shi makwanci. Ki kai ni."

Na je wurin babban likitan da ke duba shi, dattijo ne mai tsoron Allah. Ya cire tabarau ya ce shi ba zai taɓa rubuta cewa tsohon nan ya hau jirgi ba. Na ce to in ya zauna fa? Ya ce zaman ma ba zai ƙara masa wani abu mai yawa ba. Mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, bai ce mini je ko kar ki je ba. Tambaya ɗaya ya yi mini muna karin kumallo: in na hana, Baba kuma ya rasu a ɗakin Sadik wata mai zuwa, zan iya zama da kaina?

Aka yi zama a gidan Baba na Babban Giji ranar wata Asabar. Yaya ya zo daga Unguwar Gano, tun daga yadda ya ajiye takalmansa na san da faɗa ya zo. Baba yana kan kujera, Inna tana gefe tana tsintar shinkafa a faranti, kanta a ƙasa.

Yaya ya ce, "Baba, ka gafarce ni, amma wannan ba tafiya ba ce. Mutumin da ba ya iya zuwa masallacin ƙofar gida shi zai ƙetare Sahara? Wa muka sani a can? Wa ya san mu?"

Baba ya ce, "Ba a raƙumi zan je ba."

Yaya ya juyo kaina. "Ke kuma da kika san ciwon fiye da kowa, ke ce kike ɗaure masa gindi? Wallahi Zahra'u, in wani abu ya same shi a hanya, ke ce."

Na ce, "Yaya, rai a hannun Allah yake, nan da can."

"Kar ki yi mini wa'azi. Inna, ba za ki yi magana ba?"

Inna ba ta ɗago ba. Yaya ɗan farinta ne, kun kuwa san irin kunyar mutanen da. Ko sunansa ba ta faɗa, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ta musa masa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri." Yaya ya ɗauki wannan a matsayin tana bayansa, ya sa takalmi ya fita.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da na shiga ɗakinta zan yi mata sallama, Inna ta turo ƙofa ta ciro wani ƙullin leda daga cikin kwalla ta danƙa mini. Soyayyiyar gyaɗa ce, ta ɓare ta ta murje da hannunta. Ta ce:

"Fiye da shekara hamsin ina jin labarin koriyar ƙofar nan. Ki kai shi ya gani, ko kunnena ya huta."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta. Ta goge da gefen zane, ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Amma kar ki ce ni na ce. Ba zan iya da wancan ba." Na ce ba zan faɗa ba. Ban faɗa ba kuwa har yau da nake rubuta shi.

Lokacin ƙasar tasu tana zaune lafiya. Muka samu biza bayan 'yar wahala, na ɗauki hutu, na cika jaka guda da magunguna da allurai, na ari keken marasa lafiya. A jirgi ban runtsa ba, yatsuna suna kan jijiyar hannunsa. Shi kuwa goshinsa na jikin taga yana kallon rairayi, ja, ba iyaka. Can ya ce, "Wata uku Sidi ya yi a cikin wannan. Mu ga shi ko abincin da aka ba mu bai narke ba."

Mun sauka a wani ƙaramin masauki kusa da tsohon birni. Na so ya huta kwana biyu, ya ba ni ɗaya. Da hantsin rana ta biyu na tura shi a keke har gindin ganuwa. Ni da na tashi ina ganin badalarmu ta jar ƙasa, wadda ruwa yake zaizayewa, awaki suna hawa, sai ga ganuwa ta dutse, doguwa, kalar ƙasa-ƙasa, da wani katafaren gidan sarauta a kusurwarta. Iska tana kawo ƙanshin gishiri da ƙarnin kifi. Sidi ya ce a zamaninsa igiyar ruwa tana dukan ganuwar, amma mu mun tarar an ture tekun baya, an shimfiɗa titi mai faɗi a tsakani. Baba ya tsayar da wani tsoho mai jar hula ya tambaye shi ƙofar teku da Larabcinsa. Tsohon ya tsaya yana kallonsa baki buɗe, sai ya fashe da dariya ya rungume shi. Daga baya Baba ya fassara mini: wai rabon da ya ji irin wannan magana tun kakarsa tana da rai. Tsohon ya ce ƙofar kanta an daɗe da rushe ta, sai sunan unguwa, amma ya nuna mana inda take.

A nan Baba ya ce in tsaya. Ya dafa sanda ya miƙe.

"Baba, zauna mana."

"Ba zan shiga garin ubana a keke ba."

Haka muka shiga, shi a gaba yana takawa kaɗan-kaɗan, ni a baya ina tura keken da ba kowa. Ba mu yi taku hamsin ba sai ga ta: ƙofar farin dutse, tsaye ita kaɗai a cikin wani ɗan kwari, ba gida a bayanta, jikinta duk sassaƙa, tantabaru suna zaune a kanta. Na tsaya cak. Abin da na ɗauka tatsuniyar shayi ce, ga shi rana tana dukansa. Baba yana kallonta, leɓɓansa suna motsi. Muka wuce masallaci mai doguwar hasumiya, muka faɗa lungu. Lungunan sun tuna mini cikin gari wajen Kurmi, sai dai su farare ne, an shafe su da farar ƙasa, kuma a sama an yi gini mai siffar bakan gizo daga bango zuwa bango kamar gidajen suna riƙe da juna kada su faɗi. Wani wuri inuwa mai sanyi, wani wuri rana ta tsago. Daga nesa ana jin maƙeran tagulla suna bugu. Muka wuce mai gasa burodi a rami, Baba ya shaƙi ƙanshin ya ce, "Kin ji uwar gurasarmu." Sau huɗu yana tsayawa ya jingina da bango, ni ina ƙirga numfashinsa a zuci, shi yana kallon sama. A tsayawa ta huɗu na lura abin da ya dafa ba bango ba ne, ginshiƙi ne na dutse da aka gina cikin kusurwar gida. Na waiga, ga wani, ga wani, ga na huɗu.

Na ce, "Baba, hagu."

Ya ce, "Na sani, yarinya."

Ƙofa ta uku ba koriya ba ce. Shuɗiya ce, fentin ya ɓaɓɓare, a buɗe take, daga ciki ana jin ƙarar keken ɗinki. Baba ya gyara babbar rigarsa, ya gyara hula. Tun a jirgi yake shirya jawabin da zai yi da Larabci. Ya yi sallama da murya mai ƙarfi. Keken ya tsaya, wani mutum baƙi dogo, da zare a bakinsa, ya leƙo ya dubi hular Baba da rigarsa, ya ce:

"Wa alaikumus salam. Marhabin, Alhaji! Daga Kano ko? Ku shigo daga ciki mana."

Baba ya dube ni, na dube shi. Sai ya kama dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, sai da na zaunar da shi a keken dole. Mutumin sunansa Malam Idi, tela ne daga Damagaram, ya shekara goma sha a gidan shi da abokan sana'arsa. Masu gidajen tsohon birni da yawa sun koma sababbin unguwanni, baƙi irinsu ne suke zaune a ciki. Da Baba ya gaya masa abin da ya kawo mu, Malam Idi ya cire zaren daga bakinsa ya ce, "Ikon Allah. Ashe mu ne baƙinka, Alhaji, ba kai ne namu ba."

Gidan tsakar gida ne murabba'i, da rijiya a tsakiya an rufe ta da katako, ɗakuna kewaye, bene a sama da madogarai na itace da suka tsufa. Tufafin mutane a rataye ko'ina. Baba ya zagaya da ido ya ce yana son hawa saman soro. Na ce sam, matakalar nan ba zai iya ba. Malam Idi bai tsaya jin gardamarmu ba, ya kira abokansa biyu, suka ɗora Baba a kujerar roba suka hau da shi, suna "a hankali, a hankali", shi yana riƙe da hularsa. Daga saman ana ganin komai: rufin gidaje farare har gindin ganuwa, hasumiyoyi, jiragen ruwa a tsaye, sai tekun, shuɗi har inda ido ya ƙare. Baba ya daɗe yana kallo. Na zaci addu'a zai yi. Sai ya ce a hankali:

"Ashe gaskiya ya faɗa. Gwaggo, Allah Ya yafe mini, wani lokaci nakan ɗauka ƙari yake yi."

Malam Idi ne ya haɗa mu da mai gidan, wani malamin makaranta mai suna Ustaz Salim. Ya zo da la'asar, ya zauna da Baba suna jera sunaye: wane ya haifi wane. Da Baba ya kai kan Zuhra, sai Salim ya miƙe tsaye ya sumbaci kansa. Zuhra kakarsa ce. Ta daɗe da rasuwa, amma 'yarta, mahaifiyarsa, Hajja Mabruka, tana nan da rai a gidansa a wajen ganuwa.

Washegari ya kai mu. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, lulluɓe da farin mayafi, idanunta irin na Baba sak, har da yadda gira ɗaya ta fi ɗaya tashi. Baba ya fara bayani, yana so ya ba da uzurin ubansa, yaƙi da hanya da iyali. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Salim yana da ɗan Turanci, da shi ya fassara mini abin da ta ce:

"Uwata ta yi jiran wanta har ta makance. Ta bar mana wasiyya, ta ce in ya dawo, ko shi ko ɗansa, kar a tambaye shi komai sai ya ci abinci."

Aka kawo wani tuwon sha'ir mai tauri a babban akushi, da jar miya da nama da dafaffen ƙwai. Ni nas ce, na ga gishiri da mai a ciki, na buɗe baki zan yi magana, Baba ya harare ni da ido ɗaya. Na rufe bakina. Ya ci kamar ba shi ne mai ciwon da ake lallashi ya sha koko ba. Da aka gama ta tambayi sunana. Baba ya faɗa. Tsohuwar nan ta jawo ni ta kifa fuskarta a kafaɗata tana kuka tana kirana uwarta. Da shayi ya kai kofi na uku, jikarta ta kawo faranti, Hajja ta ɗebi gyaɗa ta watsa a kofunan, ba wanda ya yi dariya. Na ciro ƙullin Inna daga jaka na miƙa. Hajja ta ɗanɗana, ta ce gyaɗar Kano ta fi tasu, ta sa aka zuba ta a maimakon tasu.

Ta hana mu komawa masauki. Kwana shida muka yi a gidan, kuma ban taɓa ganin Baba cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba. Da safe Salim ya kai mu tsohon birni, Baba ya zauna a shagon Malam Idi ana hira da Hausa, da yamma ya zauna da 'yar gwaggonsa ana yi da Larabci. Ya saya wa Inna mayafi mai ratsin azurfa a kasuwar da aka rufe samanta, ya yi ciniki har mai kanti ya rantse shi ɗan gari ne. Ban fasa ba shi magani ko sau ɗaya ba, ina auna shi safe da yamma. Ina faɗin wannan ne don na ji ana cewa a titi ya faɗi ba mai kula da shi.

Ba haka aka yi ba. Saura kwana biyu mu dawo, da hantsi, bayan ya karya, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Na kwantar da shi na yi abin da na sani, Salim ya fita da gudu ya kira likitan unguwa. Baba ya riƙe hannuna ya ce:

"Kar ki wahalar da kowa. Inda na faɗi, nan ne."

Na ce, "Baba, daina wannan magana, jibi muna gida."

Ya ce, "Ki gaishe da uwarki. Ki ce mata ba koriya ba ce."

Ya yi kalmar shahada, Hajja Mabruka tana daga gefen kansa tana maimaitawa da shi. Kafin likita ya shigo ya cika.

Na kira Kano daga wayar gidan. Yaya ne ya ɗauka. Na faɗa masa abin da ya faru. Ya ce in yi duk yadda zan yi in kawo gawar gida, a binne shi kusa da Sidi. Salim ya riga ya bincika, ya ce takardu za su ɗauki kwanaki, wataƙila fiye da mako, Baba yana kwance a firjin asibiti. Na yi shekaru ina ganin yadda ake turo mutane cikin firjin nan ana ja da su. Na tuna abin da Baba ya ce da bakinsa, na tuna an hore mu da gaggauta suturta mamaci. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, yau za a yi masa sutura." Ya ce, "Kin kashe shi, kuma kin hana mu gawarsa." Ya ajiye waya. Wannan shawara tawa ce ni kaɗai, ba Salim ba, ba Hajja ba. In akwai laifi a ciki, ni zan amsa shi gaban Allah.

Malam Idi da kansa ya yanka likkafani ya haɗa shi a tsakar gidan Sidi, ya ƙi karɓar komai. Bayan la'asar aka yi masa salla. Salim ya ce mini sahu biyu na baya duk Hausawa ne, teloli da masu gadi da 'yan kasuwa, waɗanda ba su san Baba ba sai a kwana shidan nan. Aka kai shi maƙabartar da Zuhra take. Washegari Hajja ta riƙe hannuna muka je, na ga wurin da idona.

Na dawo Kano ni kaɗai, da keke a naɗe da jakar magani da ba a shanye ba. Na tarar da gidan Baba cike da masu gaisuwa, da na shiga sai maganganu suka ɗauke. Inna tana takaba a ƙuryar ɗaki, ba ta ga gawar mijinta ba, ba ta ji fitarsa daga gida ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, har yanzu. Da ɗakin ya rage mu biyu na ba ta mayafin, na isar mata da saƙon. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa, ban san dariya take ko kuka ba.

"Wace kala ce?"

"Shuɗiya, Inna."

"Shekara hamsin," ta ce, ta girgiza kai.

Yaya bai sake yi mini magana ba. In na gaishe shi a taro sai ya amsa wa bango. Ya hana 'ya'yansa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, kuma kun tuna Sallar da kuka je Unguwar Gano da sababbin kaya aka ce muku ba ya nan alhali motarsa tana ƙofar gida. Kun tambaye ni dalili na ce muku aiki ne ya yi masa yawa. Kalma ɗaya daga bakina, in ce Inna ce ta ce in kai shi, da wataƙila ta raba nauyin biyu. Amma da na jefa tsohuwa tsakaninta da ɗan da ba ta iya ɗaga ido ta kalla. Sau da yawa nakan ga ta buɗe baki in yana wurin, sai ta rufe. Ban riƙe ta da komai ba, ku ma kada ku riƙe ta.

Na so in koma in kai ku ku ga wurin. Ban samu ba, sai ƙasar ta rikice. Hajja Mabruka ta rasu kafin nan. Salim yakan kira duk Salla, daga baya lambarsa ta daina shiga. Malam Idi na ji an ce ya koma Damagaram. Ban san halin da gidan yake ciki ba yanzu. Amma har yau in na rufe ido ina iya bin lungun nan, ina jin bugun maƙera da ƙarar sandar Baba a kan dutse.

Shekara bakwai aka yi a haka, har Allah Ya karɓi Inna. Bayan sadakar arba'in da kwana kaɗan, wata Laraba da la'asar na dawo daga aiki ko farin kaya ban cire ba, aka yi sallama. Yaya ne, shi kaɗai. Ya tsufa fiye da yadda na zata, gemunsa duk ya yi fari. Na shimfiɗa masa darduma, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Ya zauna. Yana ta juya makullin mota a hannu. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ya sha wuya?"

Na ce, "A'a, Yaya. Bai kai rabin awa ba. Da shahada ya cika."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce:

"Wurin da aka sa shi, akwai inuwa?"

"Akwai. Itatuwan zaitun biyu ne, ɗaya daidai kansa."

Ya sa bayan hannu ya goge idonsa. Ya ce, "To. Allah Ya jiƙan Baba."

Na ce amin. Tun da Baba ya rasu, ranar ce ta farko da muka yi masa addu'a tare.